Madubin Magariba

A Cley, ƙauyen bakin fadama a Norfolk,
inda iska ke shigar mutum ta hannun riga,
na shiga shagon madubin hangen nesa.
Mai shagon, Hilary, kanta fari fat kamar audugar rimi,
ta jera mini guda uku a kan katako.
Ta ce, "Kada ka gwada su da rana tsaka,
da rana kowane madubi gwani ne.
Dakata sai haske ya fara rowa."

Na dakata.
Shekara talatin ina gadin numfashin mutane a asibitin Norwich,
jiran awa biyu ai shan shayi ne.

Na farkon ɗan ƙarami ne, ya shige aljihu lumus.
Da la'asar ya nuna mini har gashin wuyan zalɓe,
amma rana na sunkuyawa
sai ya koma leƙen tsohuwar rijiya.

Na biyun ƙato, goma da hamsin aka rubuta a goshinsa,
nauyi kamar taɓarya.
Ya jawo nesa ya ajiye mini a gaba,
sannan ya tona mini asiri:
rawar hannun da nake ɓoye wa 'ya'yana
sai ga ta sau goma a cikin gilashi.
Dinya na tsaye abinta a bakin ruwa,
ni ina ganin ta tana kaɗuwa kamar mai masassara.

"Shekarunka nawa?"
Sittin da bakwai, na ce, ban ƙara ba, ban rage ba.
Ta miƙe hannu da madubin, nesa da fuska,
ta nuna mini ɗigon haske a tsakiyar gilashin,
bai fi ƙwayar wake ba.
"Wannan ne abin da zai zubo maka.
Idon yaro da dare yakan buɗe ya shanye shi duka.
Naka ya daina wangale ƙofa.
Saura zai zube a gefe,
ga shi ka biya kuɗinsa, ka kuma rataya shi a wuya."

Na san wannan. Na koyar da shi ma, da alli a hannu.
Ban dai taɓa jin an gaya mini shi da farashi ba.
To, tulu ba ya cin ruwan da ya fi cikinsa.

Na ukun, takwas da arba'in da biyu,
ba shi da alfahari.
Da shi na hau tudun da ke tare teku.
Kara ya yi duhu, sama ta yi kalar toka mai sauran wuta,
na murɗa 'yar dabarar tsakiya da yatsa ɗaya,
a hankali,
sai duhun ya ja da baya taku ashirin.

Ga tsattsewa suna zubowa cikin kara, ɗari bisa ɗari,
suna haramar kudu.
Wata cikinsu ƙila ta sha ruwa a Nguru kafin ni,
ni da rabona da can shekara goma sha ɗaya.

Sai ta fito.
Farar mujiya, ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, ba ko motsin fiffike a kunne,
fuska kamar ɓarin farin goro.
Da Iya Kande na raye da ta ja ni ɗaki,
ta tofa addu'a, ta sa sakata.
Ni kuwa ga ni, furfura har gemu,
zan ƙirga fam ɗari uku don in ga idonta.
Ta juyo. Ta dube ni.
Ba ta kawo saƙon kowa ba, ɓera take nema.

Na koma shago Hilary na shirin kullewa.
Ba ta tambaye ni wanne ba,
igiyar kawai ta rage mini daidai ƙirji.

Magariba ta kusa kuɓuce mini.
Na yi ta a bayan mota, a kan jiƙaƙƙen tsakuwa,
na manta ban cire madubin ba,
kowane ruku'u sai ya lilo ya dawo
ya ƙwanƙwasa mini ƙirji.