Rajistar Illa

A asibitin Tawa rajista na hannun Illa,
jan bik a bayan kunne.
Yamai ta bugo waya: "Korona nawa yau?"
Ya ce, "Ɗaya."
Ba a tambayi shafin zazzaɓi ba,
wanda ya cika tun faɗuwar damina,
ƙananan sunaye, wasu ko yaye ba su kai ba.

Zali mai hura ba ta cikin littafin.
Hawan jini ne. Ta ji tsoron ƙofar likita,
ta cika a ɗaki.
Ɗanta na Abijan, iyaka a garƙame.

Rediyo ya ce tsawon ranmu ya ragu.
Illa ya duba layin ƙarshe:
jaririya, kwana tara.
Ita ma za a tara ta da tsofaffi,
a raba wa kowa.