Matar da ke Jikin Allo

Ni ce matar da ke jikin allon nan
a mararrabar titin Ayacucho.
Fuskata ta fi ƙofar cocinmu faɗi,
haƙora ukun da suka rage mini
kowanne ya kai tsawon yaro.
Ina dariya, ruwa na zuba a tafin hannuna.
A ƙasa an rubuta: Baldeón ya cika alkawari.

Ku tsaya ku ji abin da aka datse.

Ranar Talata suka hauro da motoci huɗu,
ta biyar tankar ruwa ce.
Suka ɓoye ta bayan katangar makaranta,
suka ja tiyo ta ƙarƙashin ciyawa
har gindin famfon da aka kafa da sassafe,
simintinsa ko bushewa bai yi ba.
Wata yarinya mai kyamara biyu a wuya
ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya
kamar mai zaɓen dankali a kasuwa.
Ta tsallake Fortunata, wai tana da tabarau.
Ni kuwa ta ce in tuɓe rigar sanyin da ɗana ya aiko daga Lima,
in yafa tsohon bargon kakata, mai ja da kore,
in karkata hula, in matso.

Injiniya Baldeón ya sauko da farin takalmi.
Tudunmu ba ya raga wa baƙo,
numfashi ke gudu ya bar mutum a tsaye.
Yana haki ya miƙa hannu zai murɗa famfo,
ƙafarsa ta dama ta nutse
cikin kashin jakin Fortunata
har idon sawu.

Abin da na yi wa dariya ke nan.
Hoton kuwa a gwiwarsa ya tsaya.

Kafin rana ta faɗi tankar ta gangara,
aka naɗe tiyo.
Famfon suka bar mana, tsuntsaye na hutawa a kansa.

Wata guda bayan haka Wilber ya kira:
"Mama, na gan ki a jikin bas!
Na nuna wa duk abokan aikina."
Na ce, ɗana, ko ɗigo babu.
Ya yi shiru. Ya ce, "Amma da idona na gani."
An ce gani ya kori ji,
ashe har muryar uwa yake kora.
Kuɗin da yake tara mini na tanki,
haya ya biya da su.

Mutanen hayin kwari suka daina amsa gaisuwarmu,
wai mun sha mun goge baki.
Suka zuba wa Baldeón ƙuri'a don layi ya zo kansu.
A ofishin lardi wani magatakarda
ya ja biro a kan sunan ƙauyenmu:
an gama da waɗannan.

Har yau da jijjifi nake gangarawa rafi,
jarka biyu, gwiwa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Ran Asabar motar kasuwa na bi ta ƙarƙashin allon.
Rana ta ci launinsa,
ruwan ne ya fara koɗewa,
dariyar tana nan daram.

Nakan ɗaga kai in gaishe ta:
Eulogia, ke kam kin huta,
hannunki bai taɓa bushewa ba.
Sai takalmin nan ya faɗo mini a rai,
in toshe baki da bargo,
fasinjoji su ce, dubi, ita ce,
har yanzu murna take yi.