Akwati Marar Kai

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya sallama,
ta kowace kafar katako yake shigowa.
Wutar lantarki kuwa baƙuwa ce mai saurin fushi,
ta zo da hantsi, ta tafi ba ban-kwana.

Mahaifina Aladino, idanunsa sun ajiye aiki
shekara bakwai bayan kwalekwalensa ya ajiye.
Kunne ya rage masa, shi ne tagarsa.
Na sayo masa kwamfuta, ba ta fi sabulun wanki ba,
ba allo, ba madannai, ba linzami,
marar kai, in ji masu sana'ar.
Ya shafa ta da babban yatsa, ya yi dariya:
"Ni ba ido, ita ba kai. Zama ya zo daidai."

Na kafe ta a kan kanta, can saman murhu,
na ja mata lasifika biyu.
Da safe ta faɗi halin da teku ke ciki,
da yamma ta sako muryar mahaifiyata Herminia
daga wani tsohon kaset da na juye,
tana ƙirga kwandunan dankali, tana tari.

Na koma bakin aikina a Puerto Montt.
Daren Laraba iska ta ɗauke wuta, asuba ta maido.
'Yar koriyar fitila ta kama, na'ura ta farka,
amma ko uffan.
Kwana uku yana zaune gaban shiru, bai gaya mini ba.
Maƙwabciya Uberlinda ce ta buga waya.

Daga nesa na leƙa cikinta
ta baƙar taga mai fararen haruffa.
Ina shiga, sai ta hau magana.
Ina fita, sai ta yi gum.
Ashe sabar sautin kunya ce ta yi mata yawa:
ba ta buɗe baki sai wani ya shigo
ya faɗi sunansa da kalmar sirri.
To wa zai shigo?
Tsoho marar ido ne, da akwati marar kai.

Ƙarfe ɗayan dare, shayina ya huce,
na rubuta mata layi tara, kamar wasiyya:
In wuta ta zo, ki tashi.
Ki jira katin sauti ya gama miƙa.
Kada ki jira kowa a bakin ƙofa.
In kin faɗi, ki ƙirga biyar, ki sake tashi.
Ta ce ba ta da izini. Na ba ta.
Ta ce ba ta gane ba. Harafi ɗaya na tsallake.

Gari na wayewa na kira Uberlinda:
zare filogin, ki mayar.
Ta ajiye wayar a kan tebur.
Ina jin ruwa yana dukan rufi,
ina jin itace yana ƙara cikin murhu,
ina ƙirga daƙiƙa da farcena a jikin kofi,
talatin, talatin da tara, arba'in da ɗaya,

sai tari.
Sai: "Kwando goma sha biyu, Aladino, ba sha uku ba."

Kujera ta yi ƙara.
Ya gyara murya, a hankali, kamar mai tsoron tashin wani:
"Sha uku ne, Herminia.
Ɗayan yana bayan ƙofa."