Kashi Biyar Cikin Ɗari

A Silesiya, ranar Lahadi bayan coci,
Zdzisław ya goge takalmi, ya nufi makarantar jikarsa
inda aka kafa akwatin zaɓe.
Shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin ƙasa;
har yau in ya yi tari, kwal ke amsawa.

Ƙaramar jam'iyya ya zaɓa, ta mahaƙa.
Da dare aka ƙirga: huɗu da ɗigo bakwai.
Doka ta ce sai biyar.
Ƙuri'arsa ta faɗa rijiya, ko ƙarar ruwa bai ji ba.

Can a majalisa, ƙarfe biyun dare,
masu hamma suka danna maɓalli,
aka yanka wa ramin ranar mutuwa.

Jikarsa Jagoda ta yi murna, ba ta ɓoye ba.
Ita ke kwana da maganin asma ƙarƙashin matashi
in hayaƙi ya rufe unguwa.

Bai yi mata faɗa ba.
Ya ce, "Gaskiyarki, yarinya.
Ba rufewar ce ta ci min rai ba.
Ba a ƙirga da ni ba ne."

Ya tashi ya ƙara kwal a murhu.
Saura buhu huɗu.