Abin da Na Ɓoye a Cikin Kwat

Kwana uku na yi ina ƙarya a Sinop,
ni da furfurata.
Irmak ta ce, "Kaka, me ya yakushe ka a hannu?"
Na ce ƙugiyar kifi ce.
Ta yi min kallon uwarta,
kallon nan mai cewa na ji, amma da sake.

A bayan gidan burodin Nurettin aka haife su,
su huɗu, cikin tsohon kwando,
inda ɗumin tanda ke ratso bango.
Uku sun yi gida tun makon jiya.
Ta huɗun ce kwantai,
kunnenta ɗaya baƙi kamar an tsoma a tawada,
jiki bai cika tafin hannu ba,
amma baki ya fi na dillalan bakin teku.

Na ce, Nurettin, riƙe min ita zuwa Laraba.
Ya ce, "Madarar fa, wa zai biya?"
Na ce, wanda ya shekara talatin yana ba ka kifi bashi.

Laraba ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Teku ya kumbura, jirage duk a ɗaure.
Na sa ta cikin kwat, daidai ƙirji,
na kama matakala saba'in da biyu zuwa gida,
gwiwata na kuka, ita ma tana kuka,
ina tarin ƙarya don in rufa mata asiri.

A ɗaki, kyandir shida a kan kek.
Gwaggonta ta jingina waya da gwangwanin sukari,
ga uwar can daga Jamus,
cikin farar rigar aiki,
ta saci minti goma daga tsofaffin da take jinya.
Aka yi waƙa, aka hura wuta, aka tafa.
Sai kwat ɗina ya motsa.

Na zaci ihu za ta yi.
Na ma shirya dariyata tun daga hanya.
Irmak ba ta ce uffan ba.
Ta durƙusa a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai,
ta miƙa yatsa ɗaya tak.
'Yar kyanwar ta shinshina, ta yi atishawa,
ta taka kek da ƙafar gaba,
ta bar mana sawu a kan ledar ɗaki.

Can yarinyar ta ɗago, murya ƙasa-ƙasa:
"Mamarta ta san tana nan?"

Ruwa na dukan taga.
Ni da na kwana uku ina ƙarya babu gargada,
na laluba bakina, ban samu ko ɗaya ba.
Gwaggo ta shiga goge faranti mai tsabta.

Daga jikin gwangwanin sukari amsa ta fito,
tana yankewa, tana dawowa:
"Ta sani. Ta san wa ke ba ta abinci,
ta san inda take kwana.
Shi ya sa ma take iya barci."

Irmak ta yi shiru, tana auna maganar.
Sannan ta tuɓe safarta ɗaya, ja,
ta shimfiɗa cikin kwalin takalmina.
"Sunanta Hamsi," in ji ta,
sunan ƙananan kifin da ke cika min taru lokacin sanyi.
"Gobe za mu kai ta su gaisa."

Yanzu dare ya raba.
Safa na nan cikin kwali, ba kowa a kai.
Na leƙa gado:
numfashi biyu a kan matashi ɗaya,
ɗaya na gurnani kamar injin jirgina yana nesa.

Gobe matakala saba'in da biyu, sauka da hawa.
Gwiwa, ki yi haƙuri.
An riga an yanke hukunci.