Kashi Sittin Cikin Ɗari

Saƙon ya shigo bayan La'asar,
ina tsugune ina ɗinke wa Sherifatu takalmin makaranta.
Jirgi zai tashi ran tara ga wata, in ji su,
amma kashi sittin cikin ɗari za a ɗauka.
Hawa na bakwai zai zauna a kulle.
Ka ƙara haƙuri.

Hawa na bakwai nawa ne.
Shekara shida ina tura amalanken tawul a lungunsa,
ɗaki goma sha takwas, safe da yamma.
Na san ƙofar da ke cijewa in teku ta yi fushi,
na san famfon da sai ya yi tari yake ba da ruwa,
na san madubin da wata tsohuwa ta yi kuka a gabansa
sannan ta bar mini dala ashirin ƙarƙashin kofin shayi.

Yanzu wai ɗakunan jiran mara lafiya suke,
ko da wani zai kama zazzaɓi a tsakiyar ruwa.
An gyara gado, an ja labule, an kashe fitila.
Katifa talatin da shida, ba mai juyi a kai.

Mu kuwa a Nima, bayan babbar kwata,
mu bakwai ne a ɗaki da rumfa,
kuma ba wanda ya aiko mana da lissafi.
Ƙafar Mumuni a haƙarƙarina take kwana,
numfashin Inna da na jariri
tukunya ɗaya suke dahuwa.
In an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
sai in rufe ido in zare katin da ke wuyana a da,
in buɗe lamba ta goma sha biyu, mai taga,
in kwantar da kowa gado guda guda,
in ce da Inna: miƙe ƙafa, babu kowa.

An kira Awudu, shi hawa na biyar yake.
Na raka shi tasha, na riƙe masa jaka,
na yi masa addu'a da baki ɗaya,
ɗaya bakin na haɗiye shi da yawu.
Motar da ta ɗauke shi cike take har ƙofa,
yaron mota na rataye yana kiran Tema, Tema,
bara a kujerar nan mutum biyu aka yarda su zauna.

Takardar likita saura wata biyu ta mutu.
Katin rigakafi na cikin leda, cikin littafi, cikin akwati.
Hajiya Azumi mai wake da shinkafa
ta daina rubuta bashina a bango,
ta ce alli ya ƙare, ban san ko gatse ba ne.

Kullum ina leƙa waya in ga ɗakunan da suka rage.
Babu, babu, saura biyu, babu.
Masu kuɗi na layi su sayi wurin kwana,
ga wurin kwana a kulle, ga mai shara a Accra.
In sun kai saba'in, hawa na shida zai buɗe.
In sun kai tamanin, ni ne.
Ban taɓa zaton zan yi wa baƙo addu'ar samun hutu
kamar yadda manomi ke duban gabas ba.

Jiya da dare Sherifatu ta kawo tawul ɗinmu,
wanda ya koɗe, mai huji a gefe,
ta ce in yi mata giwar da nake yi wa Turawa.
Na naɗe, na murɗa, na fitar da hanci da kunnuwa,
na sa mata waken suya biyu a gurbin ido.
Ta ɗora ta kan buhun gawayi ta yi barci tana kallo.

Da asuba Mumuni ya warware giwar
ya tafi wanka.