Ruwan Tsakiya

Shekara talatin da bakwai ina shiga rijiya,
daga Tarna har Jiratawa babu ƙasar da ban ɗanɗana ba.
Mafi zurfin da na haƙa gaba ashirin,
daga can sama ta koma kamar bakin tulu.

Sai ga Barira, autata, ta kira daga jirgin ruwa,
muryarta na tsinkewa kamar tsohuwar igiyar guga:
"Baba, gaba ɗari biyar ƙarfenmu ke nutsewa."
Na ce, wa ke jawo shi?
Ta yi dariya. Shi ke sauka, shi ke tasowa,
bayan kwana goma ya faɗi inda aka kai shi.

Ta ce teku hawa-hawa ne.
Na sama bawan iska, inda ta kaɗa ya bi.
Na ƙasa sanyi da duhu, tafiyar hawainiya.
Amma akwai na tsakiya,
bai ga rana ba, bai taɓa laka ba,
ya yi watanni yana nufar gabas,
sai ya tsaya kamar wanda ya yi mantuwa a kasuwa,
ya juya yamma.
Damina na isa gare shi a makare,
kamar goron biki ga dangin nesa.

Ban taɓa ganin teku ba.
Tafkin Madarunfa ne iyakata, shi ma daga gaɓa.
Amma na san Gulbi da bazara:
yara na ƙwallo a cikinsa, amalanke na ratsawa,
kowa ya ce ya mutu.
In na durƙusa na tona kamu uku
yashi ya yi duhu, ya sanyaya tafin hannu.
Ruwan bara ne, bai gama wucewa ba.

Na gaya mata. Ta ce in maimaita.

Abin da ban gaya mata ba:
damina biyu ke nan da muka kai uwarta makwanci.
A sama na gama, ina ciniki, ina raha a fada.
Sai shekaranjiya, ina ɗaure guga,
wani abu can tsakiyar ƙirjina
ya tsaya, ya juya.
Na zauna bakin rijiyar Cindo
har tumatirinsa ya sha, har inuwa ta bar ni.

Za ta zo bayan girbi.
Na ce ta taho mini da shi a kwalba, na tsakiyar,
ko cikin cokali ne,
in ɗanɗana, in ji ƙasar wa ya ratso.